Kafin Ka Liƙa Takardar Wani a ChatGPT: Jagorar Tsare Sirri a Manhajojin Ƙirƙirarriyar Basira

Duk abin da ka rubuta wa ChatGPT, Gemini, Claude, Copilot, DeepSeek ko Meta AI na cikin WhatsApp, ba a cikin wayarka ake sarrafa shi ba. Da zarar ka danna aika, rubutun ya bar hannunka ke nan, ya bi intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, yawanci a Amurka ko Turai, na DeepSeek kuma a ƙasar Sin kamar yadda kamfanin ya faɗa a takardar ƙa'idojinsa. Ana kulle rubutun a kan hanya don kada wani ya tare shi, amma idan ya isa dole a buɗe shi, in ba haka ba injin ba zai san abin da zai amsa ba. A nan ya sha bamban da hirarka da ɗan'uwanka a WhatsApp, wadda ko kamfanin Meta ba ya iya karantawa.

Abin da ya sa lamarin ya yi nauyi shi ne yawancin sirrin da ake zubawa a waɗannan manhajoji ba na mai zubawar ba ne. Akawun makaranta ya ɗora jadawalin sakamakon ɗalibai da lambobin wayar iyayensu. Nas ta liƙa bayanin majinyaci don a gyara mata Turanci. Lauya ya ɗora yarjejeniyar cinikin fili, mai shagon buga takardu kuma ya saka takardun neman aikin wanda ya kawo masa aiki. Duk amana ce aka ba su, kuma masu ita ba su san ta tsallaka teku ba.

Hanyoyin da rubutu ke bi ya fita

Jama'a sun fi jin tsoron horarwa, wato a ɗauki hirarka a koya wa injin na gaba. Tsoron yana da tushe. A watan Nuwamban 2023 wasu masu bincike, ciki har da na Google DeepMind, sun sa ChatGPT ya yi ta maimaita kalma ɗaya ba tsayawa, can sai ya fara amayo guntayen rubutun da aka horar da shi da su, har da lambobin waya da adireshin imel na mutane. Sai dai horarwa ita ce ƙofar da ta fi sauƙin rufewa, maɓalli ɗaya ne. Sauran ƙofofin su ne ba su da maɓalli.

Akwai ajiya: kamfanin yana riƙe hirar na wani lokaci ko da ka goge ta. Akwai idon ɗan'adam: wasu kamfanonin suna ba ma'aikata samfurin hirarraki su karanta don auna ingancin amsa, ko don binciken wanda ake zargi da karya ƙa'ida. Akwai kuskuren kamfani. A ranar 20 ga Maris 2023 wata matsala a ChatGPT ta sa mutane suna ganin kanun hirarrakin wasu, kuma kamfanin OpenAI mai ChatGPT ya ce an iya ganin suna da imel da lambobi huɗu na ƙarshen katin banki na kashi 1.2 cikin ɗari na masu biyan kuɗin da suke kai a cikin wasu sa'o'i tara. A Janairun 2025 kamfanin tsaro na Wiz ya tarar da wani rumbun bayanan DeepSeek a buɗe ba kalmar sirri, da layuka sama da miliyan ɗaya, har da hirarrakin jama'a.

Sai kotu, wadda mutane kan manta da ita. A watan Mayun 2025, a shari'ar da jaridar New York Times ta shigar, wata kotu a Amurka ta umarci OpenAI ya adana hirarrakin masu amfani da shi, har waɗanda suka goge, kuma umarnin ya yi aiki har zuwa ƙarshen Satumba na shekarar. Wanda ya goge hirarsa a Kano ko Maraɗi a wancan lokacin yana zaton ta tafi, alhali tana nan. Shugaban kamfanin, Sam Altman, ya faɗa da bakinsa a 2025 cewa hira da ChatGPT ba ta da irin kariyar da doka ta ba sirrin da ke tsakanin mutum da likitansa ko lauyansa.

Ƙofa ta ƙarshe kuwa kai ne: asusunka, wayarka, da mutanen da kuke raba kalmar sirri da su. Ta nan aka fi yin ɓarna.

Mataki na 1: Kasa bayanai gida uku tun kafin ka buɗe manhajar

Magana zarar bunu ce, kuma duk saitin da za a yi bayani a ƙasa bai kai wannan mataki muhimmanci ba, domin abin da bai fita ba babu kotu ko ɓarawon da zai same shi.

Kashi na farko shi ne abin da ba ya shiga ko ta halin ƙaƙa: kalmar sirri, lambar PIN, lambar OTP da banki ke turowa, lambobin katin ATM, BVN da NIN, hoton fasfo ko katin shaida, kalmomin dawo da jakar kirifto, da mabuɗan sirri da masu rubuta manhaja ke mantawa a cikin aikinsu. Babu wani aiki da injin zai yi maka da yake buƙatar waɗannan. Idan wasiƙa ce za a rubuta wadda za a sa lambar asusu a ciki, a bar gurbi, ka cike da hannunka daga baya.

Kashi na biyu shi ne abin da zai iya shiga bayan an share masa alamomi, ko kuma ta asusun ma'aikata mai yarjejeniya a rubuce: bayanin marar lafiya, takardun shari'a, albashin ma'aikata, jerin masu bashi, sakamakon ɗalibai, rikicin aure ko na gado, farashin da kamfani bai bayyana ba, takardar neman kwangila. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta ware wasu a matsayin masu tsananin hatsari, ciki har da lafiya, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa da zanen yatsa, kuma bayanan yara suna buƙatar yardar iyaye ko mai riƙo.

Kashi na uku shi ne abin da ko an manna shi a allon sanarwa ba komai: tallar kaya, darasin da za a koyar, tambayar ilimi, gyaran rubutun da za a wallafa gobe. Wannan ka saki jiki.

Idan ka rasa inda za ka sa wani abu, tambayi kanka ko za ka iya gaya wa mai shi kai tsaye cewa ka tura takardarsa wani kamfani a ƙasar waje. In ka ji nauyin faɗa, kashi na biyu ne.

Mataki na 2: Share alamomi yadda ya kamata

A nan aka fi yin aikin rabi da rabi. Mutum ya cire suna kawai ya ɗauka ya gama, alhali sauran bayanin yana nuna mai shi da yatsa. Wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta nuna cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya kaɗai sun isa a gane kusan kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa. A garuruwanmu ma abin ya fi haka sauƙi: ka ce matar hakimin gari kaza, ko shugaban makarantar sakandaren 'yan mata ta ƙaramar hukuma kaza, ai ka faɗi suna.

Ɗauki misalin ɗan kasuwa da ke son a tsara masa wasiƙar neman biyan bashi. Abin da aka saba liƙawa shi ne cikakken sunan Alhaji wane, lambar shagonsa da layinsa a Kantin Kwari, lambar wayarsa, adadin dilar atamfa da ya karɓa, ranar da ya karɓa, kuɗin har da kwabo, da lambar asusun da zai biya. Ga yadda ya kamata ya rubuta:

"Rubuta mini wasiƙar tunatarwa cikin ladabi zuwa ga MAI-BASHI, abokin ciniki na shekaru da dama. Ya karɓi kaya a RANA-1 a kan KUƊI-1, ya biya kusan rabi, wa'adin sauran ya wuce da wata biyu. Ina so ya biya kafin RANA-2 a ASUSU. Kada a yi barazana, amma a nuna cewa wannan ce tunatarwa ta ƙarshe kafin a kai magana wurin shugabannin kasuwa."

Wasiƙar da za ta fito ba za ta gaza ta farko da komai ba. Sai ka kwafe ta zuwa Word, ka yi amfani da nemo-da-sauya, wato Ctrl da H, ka mayar da kowane gurbi. Idan mutanen suna da yawa, ka yi ɗan jadawali a takarda ko a fayil ɗin da ke kwamfutarka kaɗai: MUTUM-1 wane ne, MUTUM-2 wane ne. Ka riƙe laƙabi ɗaya ga mutum ɗaya daga farko har ƙarshe, domin idan ka canza a tsakiya injin zai ɗauka mutum biyu ne, ya rikita maka lissafi.

Ga bayanin asibiti, a mayar da ranar haihuwa zuwa zangon shekaru, kamar tsakanin 40 da 45. A cire lambar kati, sunan unguwa, sunan likita da na asibitin. Ranaku a mayar da su kwana na ɗaya, kwana na huɗu. Idan cutar ba kasafai ake samunta ba, ko sana'ar mutumin ta fita daban, ita ma alama ce, a sassauta ta.

Fayil ya fi rubutu hatsari, saboda yana ɗauke da abin da ido ba ya gani. Fayil ɗin Excel yakan zo da shafuka da ginshiƙan da aka ɓoye, kuma injin yana karanta su duka. Na Word yana riƙe sunan marubuci, sharhin gefe da tarihin gyare-gyare. A kwamfuta ana share su ta File, sai Info, sai Inspect Document. A PDF, zana baƙin akwati a kan suna ba gogewa ba ne, rubutun yana nan a ƙasa, duk wanda ya kwafa zai gan shi. Hoton da aka ɗauka da waya yana iya ɗaukar wurin da aka ɗauke shi idan GPS na kamara a kunne yake. Hoton allo kuma yakan kwaso abin da ba a nufa ba: sunan rukuni a sama, saƙon banki da ya faɗo, lambobin mutane a gefe. Hanya mafi tsabta ita ce ka kwafi sakin layin da kake buƙata kaɗai, ka zuba shi a Notepad, ka share alamomin a can, sannan ka liƙa. Idan tambayarka a kan sashe na bakwai na yarjejeniya ce, babu dalilin ɗora shafi talatin.

Kada kuma ka ba injin takardar ka ce ya cire maka sunayen. Ya riga ya gani.

Mataki na 3: Gyara saiti, manhaja bayan manhaja

Sunayen maɓallan suna canzawa lokaci zuwa lokaci, amma wurarensu kusan ɗaya ne. Ka tuna cewa kashe horarwa yana aiki ne daga lokacin da ka kashe zuwa gaba, ba ya janyo abin da aka riga aka yi amfani da shi.

A ChatGPT, shiga Settings, sai Data controls, ka kashe "Improve the model for everyone". A asusun ɗaiɗaikun mutane a kunne yake zuwa, ko kana biyan kuɗin wata ko ba ka biya. Da yawa suna zaton biyan dala 20 na Plus ya saya musu sirri, ba haka ba ne. Don tambaya mai nauyi ka yi amfani da Temporary Chat, wanda ba ya shiga tarihi kuma ba a horarwa da shi, amma kamfanin yana iya riƙe shi har kwana 30. Hirar da ka goge ma ana share ta ne cikin kwana 30. Archive ba gogewa ba ne, ɓoyewa ne kawai daga jerin gefe. Sai ka leƙa Personalization ka duba Memory: abin da injin ya haddace game da kai yana zama daban, goge hirar ba ya goge shi, sai ka goge shi a can.

Gemini ya fi buƙatar kulawa. Google yana ajiye hirarraki wata 18 idan ba ka taɓa komai ba, kana iya mayarwa wata 3 ko 36, ko ka kashe ajiyar gaba ɗaya a shafin Activity na manhajar. Ko ka kashe, ana riƙe hira har sa'o'i 72. Abin da ya fi muhimmanci shi ne hirarrakin da aka zaɓa aka ba ma'aikata su duba ana ajiye su daban har shekara uku, kuma goge tarihinka ba ya shafarsu. Google da kansa ya rubuta cewa kada ka saka abin da ba ka so wani ma'aikaci ya gani.

Kamfanin Anthropic mai Claude ya canza ƙa'idarsa a watan Agustan 2025: yanzu mai amfani ne ke zaɓar ko a yi horarwa da hirarsa. Wanda ya yarda, ana iya riƙe bayanansa shekara biyar. Wanda ya ƙi, kwana 30 bayan gogewa. Maɓallin yana ƙarƙashin Privacy a cikin Settings. Wannan canji darasi ne a kan dukkan kamfanonin: alkawarin bara ba lallai ya zama na bana ba, don haka duk sanarwar sabunta ƙa'idoji da ta faɗo maka a allo ka karanta kafin ka danna amincewa, kuma ka sake zagaya saitin duk bayan wata uku.

Meta AI ya shigo WhatsApp a Najeriya da Ghana tun Afrilun 2024, kuma babu hanyar cire shi. Meta ya ce injin yana ganin saƙon da aka tura masa ne kawai ko wanda aka ambace shi a ciki, ba sauran hirarraki ba. Matsalar ita ce tura masa saƙon wani, ko kiransa a cikin rukuni. Shugaban rukunin iyali, na ma'aikata ko na ƙungiya ya danna sunan rukunin ya kunna "Advanced chat privacy", wanda ke hana kiran Meta AI a ciki da fitar da tarihin hirar. Rubuta /reset-ai a hirarka da shi yana share kwafin da yake riƙe na wannan hirar. Sannan daga 16 ga Disamban 2025 Meta ya fara amfani da hirar mutane da injinsa wajen zaɓar tallan da zai nuna musu a yawancin ƙasashe. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wani ƙaramin abu da ake raina shi: alamar babban yatsa sama ko ƙasa da ke ƙarƙashin amsa. Idan ka danna, kamfanin yana iya ɗaukar hirar gaba ɗaya a matsayin ra'ayin da ka aika da kanka, ya yi amfani da ita ko da ka kashe horarwa. A hira mai sirri kada ka taɓa ta.

Mataki na 4: Duba ƙofar da kake shiga ta ciki

Saboda tsadar dala da wahalar biya da katin naira, an samu masu sayar da gurbi a asusu ɗaya: mutum biyar ko goma su haɗa kuɗi, kowa da kalmar sirri iri ɗaya. Duk wanda ke ciki yana karanta tarihin kowa, mai asusun kuma yana iya sauke duk hirarrakin a fayil ɗaya ta imel ɗinsa. Ga Memory da ke cakuɗa bayanan mutane, har ya ambato maka abin da wani ya faɗa. Irin wannan asusu na kashi na uku ne kawai. Haka kwamfutar shagon intanet ko ta ofis da kowa ke hawa: ka shiga ta tagar sirri ta burauza, ka fita daga asusun idan ka gama, rufe shafi kawai bai isa ba.

Sai 'yan tsakiya: bot na Telegram, lambar WhatsApp da aka ce ChatGPT ce, da manhajojin Play Store masu suna mai kama da na asali. Yawancinsu suna karɓar rubutunka ne su miƙa wa babban kamfani su dawo maka da amsa, kuma komai yana bi ta kwamfutar mutumin da ba ka sani ba, wanda babu abin da ya hana shi ajiyewa. Kafin ka sauke manhaja ka duba sunan wanda ya wallafa ta: OpenAI, Google LLC, Anthropic, Microsoft Corporation. Ƙananan manhajojin da ake maƙala wa burauza sun fi muni, don suna neman izinin karanta duk shafin da ka buɗe, har na banki. A 2023 an kama irinsu masu sunan ChatGPT suna sace asusun Facebook na mutane.

A shekarar dai kamfanin tsaro na Group-IB ya ba da rahoton samun bayanan shiga ChatGPT sama da 100,000 ana sayarwa a kasuwar ɓoye ta intanet. Ba kamfanin aka fasa ba, kwamfutocin mutane ne suka kamu da manhajar satar kalmar sirri, wadda ta fi zuwa ta fasassun manhajoji na kyauta. Maganin shi ne kalmar sirri ta daban ga kowane asusu, da kunna tabbatarwa mai mataki biyu ta manhaja irin Google Authenticator maimakon saƙon tes, saboda masu sauya layin waya. Idan da asusun Google kake shiga, to shi ne za ka fi tsarewa.

Mataki na 5: Rabawa da haɗawa

Maɓallin Share yana ƙirƙiro adireshin da duk mai riƙe da shi zai iya buɗewa, ba a tambayar kalmar sirri. A tsakiyar 2025 an tarar da dubban hirarrakin ChatGPT a sakamakon binciken Google saboda wani ɗan akwati da mutane suka danna ba su fahimce shi ba, har kamfanin ya cire shi. Hirarrakin Grok, injin kamfanin xAI, su ma sun bayyana haka a watan Agusta na shekarar. In kana son wani ya ga amsa, kwafe ta ka tura masa. Tsofaffin adireshin da ka raba a ChatGPT suna nan a Data controls ƙarƙashin Shared links, ka share su.

Haɗa injin da Gmail, Google Drive ko kalandarka wani mataki ne daban, domin yanzu ba abin da ka zaɓa ka liƙa yake gani ba, duk akwatin ne. Ga kuma hatsarin da har yau ba a gama magance shi ba: mugu yana iya ɓoye umarni a cikin imel ko shafin intanet, injin ya karanta ya ɗauka kai ne ka umarce shi, ya kwashi bayani ya aika waje. A watan Yunin 2025 an bayyana irin wannan rauni a Microsoft 365 Copilot, wanda aka laƙaba wa EchoLeak, inda imel ɗaya ya isa ba tare da mai asusun ya danna komai ba. Microsoft ya toshe shi. Ka haɗa abin da aikin ke buƙata kaɗai, ka cire haɗin idan ka gama, kuma kada ka bar injin ya aika saƙo ko ya biya kuɗi ba tare da ya tsaya ka tabbatar ba.

Mataki na 6: Idan ma'aikata ce, ba mutum ɗaya ba

A 2023 injiniyoyin Samsung sun liƙa rubutun manhajar kamfani da bayanan taro a ChatGPT, kamfanin ya hana amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorinsa a watan Mayu. Hani kaɗai dai ba ya aiki a yawancin wurare, ma'aikaci zai koma wayarsa ne ya yi a ɓoye. Abin da ya fi shi ne a ba mutane hanyar da aka yarda da ita, da takarda mai shafi ɗaya da ta faɗi kason nan uku da misalan aikin wurin.

Asusun kasuwanci, irin ChatGPT Business da Enterprise, Gemini na cikin Google Workspace, Copilot da aka shiga da asusun aiki, da hanyar API ta masu rubuta manhaja, ba a horarwa da bayanansu sai mai asusun ya yarda. Amma a lura da API na Gemini na kyauta: ƙa'idarsa ta yarda a yi amfani da abin da aka tura, har mutane su duba. Matashin da ya gina wa asibiti ko makaranta manhaja a kansa don gudun kashe kuɗi ya jefa su cikin matsala ba su sani ba. Duk wanda ya kawo muku manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, ku tambaye shi a rubuce: injin wane kamfani ne a ƙasa, a wace ƙasa ake ajiya, kwana nawa, wa ke iya karantawa, waɗanne kamfanoni ne kuma ake miƙa wa, cikin sa'o'i nawa za a sanar da ku idan an yi kutse, kuma yaya ake share komai idan kun rabu. Wanda ya amsa da "ai komai a tsare yake" bai amsa ba.

Doka tana kan wanda ya tattara bayanan, ba kan injin ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ta wajabta yarjejeniya a rubuce tsakanin mai bayanai da duk wanda zai sarrafa masa su, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane ƙasar waje, wanda shi ne ainihin abin da liƙawa a ChatGPT yake. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta ƙanana kuma naira miliyan 2 ko kashi 2. Hukumar ta nuna ba wasa take ba, ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8 a 2024. A Nijar hukumar HAPDP ce ke wannan aiki, Ghana kuma tana da tata dokar tun 2012.

Takardar ƙa'idojin sirri ta kamfani doguwa ce, amma minti goma sun isa. Buɗe ta a burauza, danna Ctrl da F, ka nemi train, retain, review, third parties da delete, ka karanta jimlolin da ke kewaye da kowace. Inda aka ce za a riƙe bayani "muddin ana buƙata" ba tare da adadin kwanaki ba, ka ɗauka babu wa'adi.

Injin da ba ya fita daga kwamfutarka

Ga lauya, likita ko ɗan jarida mai takardun da ba za su sharu ba tare da sun rasa ma'ana ba, akwai mafita: a sauke injin a kwamfuta ta manhajar Ollama ko LM Studio, a yi aiki da intanet a kashe. Samfuri irin Llama, Gemma ko Qwen mai ma'auni biliyan 7 zuwa 8 (adadin da ke nuna girman injin), wanda aka matse, yana cin wajen gigabait 5. Kwamfuta mai RAM gigabait 16 tana ɗaukarsa lafiya, mai 8 kuwa da ƙyar, kuma yana shan batir sosai, abin lura ga mai dogaro da wutar NEPA. Yana iya taƙaita takardar Turanci da tsara wasiƙa, amma Hausarsa ba ta kai ta manyan ba, yana kuma yawan ƙirƙiro abin da babu. Nauyin tsaro ya dawo kanka ke nan: a kulle faifan kwamfutar da BitLocker na Windows ko FileVault na Mac, don idan aka sace ta komai yana ciki.

Idan an riga an liƙa abin da bai kamata ba

A fara da abin da za a iya canzawa. Kalmar sirri ko mabuɗin manhaja a sauya shi nan take, kada a tsaya ga goge hira. Katin banki a toshe shi ta manhajar bankin ko lambar USSD ɗinsa, a nemi sabo. BVN da NIN ba sa canzuwa, don haka sai sa ido: a kunna sanarwar shiga da fitar kuɗi, kuma a yi hattara da duk mai kira yana karanto maka bayananka don ka yarda daga banki yake.

Bayan haka a goge hirar, a share Memory, a kashe duk adireshin rabawa, a danna fita daga dukkan na'urori a sashen Security. Manyan kamfanonin suna da shafin karɓar buƙatar share bayanai, a cike shi a ajiye lambar da suka bayar. Idan bayanan wasu mutane ne kuma na wurin aiki, a rubuta abin da aka tura, da ranar, da sa'ar, da irin asusun, a kai wa shugaba ko jami'in kare bayanai a ranar, domin idan lamarin zai iya cutar da masu bayanan, dokar Najeriya ta ba ma'aikata sa'o'i 72 ne daga lokacin da ta sani ta sanar da NDPC, kuma idan hatsarin babba ne dole a sanar da mutanen da abin ya shafa su ma.